Daga Kunnen Kare Zuwa Tsagar Bango

A wani wuri da ake kira El Deir, cikin dausayin Kharga a hamadar yammacin Masar, masu tonon kayan tarihi daga Faransa sun ci karo da kaburbura maƙare da gawarwakin karnuka, waɗanda aka busar aka naɗe tun zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar. A cikinsu akwai wani ɗan kwikwiyo da bai fi wata biyar a duniya ba. Da aka duba shi a tsanake sai aka ƙirga kaska 61 liƙe a gashinsa da cikin kunnensa na hagu, sun bushe tare da shi, kuma irinsu ɗaya ne da kaskar nan mai launin ƙasa-ƙasa da ake tsamowa daga kunnen kare yau a Kano ko Maraɗi. An buga sakamakon binciken a 2013. Ɗaruruwan shekaru kafin wannan kwikwiyo, mawaƙin Girka Homer ya siffanta Argos, tsohon karen jaruminsa, yana kwance a kan juji, jikinsa cike da wani ƙwaro da Girkawa suka raɗa wa suna mai ma'anar mai hallaka kare, sunan da Aristotle ya kira kaska da shi daga baya. Bahaushe ma da ya yi wa kaska kirari da raɓi mai jini, ai ba daga nesa ya hango ta ba.

Ke nan faɗan mai kare da ƙuma da kaska ya girmi yawancin daulolin da ake karantawa a makaranta. Hanya mafi sauƙi ta ba da labarinsa ita ce a jero magunguna, daga saiwa da ganye zuwa hoda, daga hoda zuwa feshi, daga feshi zuwa ƙwaya, kowanne ya fi na bayansa ƙarfi. Jerin gaskiya ne, sai dai yana rufe abin da ya fi shi muhimmanci. Abin da nake son kafawa shi ne, duk wani ci gaba mai ɗorewa da aka samu a wannan fage ya biyo bayan sabon sani ne game da rayuwar ƙwaron kansa, wato inda yake ɓuya, lokacin da yake ƙwai, da yanayin da ke raya shi. Duk sa'ad da aka jingina da zafin guba kaɗai, murnar ba ta yi nisa ba. Ita kanta maganar watannin zafi da ake bugawa a jikin kwalin magani 'yar wannan tarihi ce, an haife ta a ƙasashen da ke da nasu yanayi daban da namu.

Manoman Rum ne suka fara barin rubutacciyar shawara mai tsawo. Varro, wanda ya rubuta littafinsa na noma a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambaci cewa wasu na daka 'ya'yan almon da ruwa su shafa wa kare a kunne da tsakanin yatsu, domin nan ne ƙuda da kaska da ƙuma ke yi masa gyambo. Columella, ɗan garin Kadis na Sifaniya da ya zo bayansa a ƙarni na farko, ya ƙara bayani. Ya lura cewa da zafi ne kunnuwan karnuka suka fi lalacewa. Ya ce a narka kwaltar itace da kitsen alade a ɗiga wa kaska ta faɗi da kanta, kada a fizge ta da hannu ta bar miki. Ga ƙuma kuwa ya ba da garin wasu tsirrai masu guba, ko ruwan kokwambar daji, ko ruwan ɗacin da ke fita wajen matsar zaitun, a kwarara wa kare a duk jiki. Idonsu ya gani daidai: kunne da tsakanin yatsu har gobe su ne inda likitan dabbobi ke fara dubawa. Amma duk hankalinsu yana kan jikin karen, domin a saninsu nan ƙwaron yake. Aristotle ya koyar da cewa ƙuma daga ƙazanta take samuwa haka kawai, ba uwa ba uba, kuma wannan ra'ayi ya yi kusan shekara dubu biyu yana yawo.

Abin lura shi ne, kuskuren ya haifar da aiki mai kyau. Wanda ya yarda cewa datti ke haifar ƙuma zai yi shara. Gaston Fébus, mai mulkin yankin Foix a kudancin Faransa, ya fara rubuta littafinsa na farauta a 1387, kuma kaso mai tsoka na littafin kan karnuka da ɗakinsu yake. Ya ce a ɗaga daɓen katako sama da ƙasa, a share ɗakin kowace safiya, a riƙa sauya ciyawar shimfiɗa a kai a kai, a taje karnukan a goge su da damin ciyawa, a kuma sa yaro ya kwana tare da su. Bai san ƙwan ƙuma ba, amma kowane dami na tsohuwar ciyawa da yaransa suka fitar, dubban ƙwai da tsutsa ne suka fita tare da shi. Sai a 1693 Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a Holan ya reni ƙuma a ƙarƙashin gilashinsa mai ƙara girma, ya bi ta daga ƙwai zuwa tsutsa, daga tsutsa zuwa ɗan gidan silikin da take saƙa wa kanta, har ta fito cikakkiyar ƙuma. Daga ranar an san dalilin da ya sa tsintsiya ke magani, ko da yake an daɗe ba a ɗauki darasin da muhimmanci ba.

Ƙarni na 19 ya kawo hodar farko mai kisa na gaske. Mutanen Farisa da tsaunukan Kafkas sun daɗe suna busar da furen wani tsiro mai suna fairetiram su niƙa. 'Yan kasuwa irin su Johann Zacherl na Biyana suka shigo da garin Turai, aka shiga noma tsiron a gaɓar Dalmeshiya, daga baya kuma a tsaunukan Kenya, inda aka kai shi a 1928. Hodar na kayar da ƙuma nan take, kuma ba ta cika cutar da kare ba. Laifinta ɗaya: hasken rana na kashe ƙarfinta da wuri. Mai kare ya barbaɗa yau ya ga ƙuma na zuba, bayan kwana kaɗan ya tarar da sabbi sun hau, ya zaci maganin jabu ne. Maganin na gaske ne. An dai kashe maciji ne ba a sare kansa ba, tunda 'ya'yan suna nan a makwanci suna jiran lokacinsu.

Kaska kuwa ta hanyar shanu aka san ta, saboda a nan dukiyar take. A 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar da abin da makiyayan Amurka suka daɗe suna zargi, cewa kaska ce ke ɗaukar zazzaɓin Texas daga saniya zuwa saniya, har ma tana gadar da cutar ga 'ya'yanta ta cikin ƙwai. Bayan shekara biyu, Piana da Galli-Valerio suka ga irin wannan ƙwayar cuta a jinin kare a Italiya. A 1901 Charles Lounsbury ya nuna a Afirka ta Kudu cewa wata kaska ce ke kawo cutar nan mai fasa jinin kare, ta sa dasashinsa fari ko rawaya, fitsarinsa ya koma ja. A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma, a 1898, Paul-Louis Simond ya gano a Karachi cewa ƙumar ɓera ce ke yaɗa annobar da ta taɓa cinye Turai. Cikin shekara goma, ƙwarin da ake ɗauka ƙaiƙayi ne kawai laifinsu suka zama masu kisa a idon likitoci. Wannan ya sauya ma'anar aikin. Cire kaska ya tashi daga kwalliya ya koma rigakafi. Sai dai magungunan da suka biyo baya, tun daga rijiyoyin tsoma shanu masu ruwan arsenik, don garke aka yi su, kare ya gaje su ne kawai, kuma har yau sinadari irin amitraz tsakanin saniya da kare yake kai-komo.

Daga nan aka shiga zamanin da aka fi yarda da guba. Paul Müller na kamfanin Geigy a Suwizalan ya gano a 1939 cewa sinadarin DDT na kashe ƙwari kuma yana daɗewa a inda aka zuba shi. An dakatar da annobar zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa da shi a birnin Naples a lokacin yaƙin duniya na biyu, aka fara sayar wa jama'a a Amurka a 1945, Müller ya karɓi lambar Nobel a 1948. An barbaɗa shi a kan karnuka, da ɗakuna, da lambuna. Ga dukkan alamu an gama da ƙuma. Amma tun cikin shekarun 1950 rahotanni suka fara fitowa daga Amurka na ƙumar da DDT ba ya kashewa, da kaskar kare da ta gagari kulodan, ɗan'uwansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Guba ta share masu rauni ta bar 'yan ƙalilan masu jurewa, su kuma suka hayayyafa suka cika gurbin. Littafin Rachel Carson na 1962 ya tona ɓarnar da sinadarin ke yi wa tsuntsaye da kifaye, Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Aka koma ga wasu gubobi masu taɓa jijiya. A 1964 aka fito da abin wuyan kare na roba da aka cuɗa da sinadarin daikulobos, yana fitar da tururinsa a hankali. Ya samu kasuwa ƙwarai, amma wasu karnuka sun yi ta samun ƙuraje a wuya, kuma ƙarfinsa ya fi tsayawa kusa da kai, alhali ƙuma ta fi son gindin wutsiya. A shekarun 1970 da 1980 mai kare a Amurka ko Ingila yana wanka da sabulun magani, yana tsomawa, yana barbaɗawa, yana feshe gida da tsakar gida, duk da haka kowace bazararsu ƙuma na dawowa.

Sojojin Amurka sun koyi darasin kaska da tsada a Biyetnam. Wajen ƙarshen shekarun 1960 karnukansu na sintiri, galibi irin makiyayin Jamus, suka shiga haɓo suna ramewa suna mutuwa. Da masana suka bi sawu sai suka tarar da ƙwayar cutar da Donatien da Lestoquard suka riga suka bayyana a Cibiyar Pasteur ta Aljeriya tun 1935, wadda kaskar kare ke ɗauka. Ƙasar da ta fi kowa tarin magungunan ƙwari a lokacin ta yi asarar karnukan da aka kashe dukiya wajen horar da su, saboda an tara su a sansanoni, a ƙasa mai ɗumi duk shekara, wurin da wannan kaska ta fi jin daɗi. Rayuwarta ce ta ba ta wannan dama. Sau uku kacal take hawa kare: tana jaririya ta sha jini kwana kaɗan ta sauka ta saɓule fata, ta sake hawa ta sha ta sauka, sannan ta hau a matsayin babba. Macen ta ƙoshi ta faɗo, ta nemi tsagar bango ko ƙarƙashin kaya ta zuba ƙwai da kan kai dubu huɗu, ta mutu. Mafi yawan rayuwarta a bango take yi, kuma babbar da ba ta samu jini ba kan jira watanni da yawa. Karin maganar nan ta bango da ƙadangare, a nan ba misali ba ce, zahiri ce.

Juyin da ya fi kowanne girma ya zo ne daga wata ƙaramar tambaya: ina babbar ƙuma ke kwana? An daɗe ana koyarwa cewa hawa take ta sha jini ta sauka, shi ya sa ake feshe gida. Michael Dryden, likitan dabbobi da ya yi karatu a jami'ar Purdue ya kuma yi aiki a jami'ar jihar Kansas, ya buga bincike a 1989 da ya nuna akasin haka. Ƙumar da ta fi damun karnuka a yawancin duniya, wadda masana ke kira ƙumar kyanwa, in ta hau dabba ta zauna ke nan. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu da shan jininta na farko macen ke fara ƙwai, tana iya zuba 40 zuwa 50 a rana idan ta kankama, ƙwan kuma ba ya liƙewa, gangarowa yake ya faɗi duk inda kare ya kwanta. Tsutsar na cin busasshen kashin uwayenta, wanda jini ne da bai gama narkewa ba. Masana kan ƙiyasta cewa manyan da ake gani a jiki kusan kashi 5 ne kawai cikin 100 na ƙumar da ke gida, sauran ƙwai ne da tsutsa da masu kwance cikin siliki. Wannan sani ya nuna wata ƙofa da dole kowace ƙuma ta bi: in za ta haihu, sai a jikin dabba. Idan aka tare ta a nan kafin ta yi ƙwai, ko aka lalata ƙwan, gidan zai wofinta da kansa cikin wata biyu ko uku. A 1995 kamfanin Ciba-Geigy ya fito da ƙwaya mai suna Program a Amurka, mai sinadarin lufenuron. Wannan magani ba ya kashe babbar ƙuma ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne hana 'ya'yanta gina ɓawon jikinsu, ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa. Duk da haka ya yi abin da feshin shekara hamsin ya kasa. Ban san wata hujja da ta fi wannan ƙarfi ga abin da nake faɗa ba: maganin da ya buɗe sabon zamani ya fi DDT rauni wajen kisa nesa ba kusa ba.

Mai ja da wannan magana zai ce ai masu haɗa sinadari ne suka ci yaƙin. A 1996 Frontline mai sinadarin fifronil da Advantage mai imidakulofirid suka shiga kasuwar Amurka, ɗigo kaɗan a ƙeya ya wadatar wata guda. A 2013 da 2014 NexGard da Bravecto suka biyo baya, ƙwayoyin taunawa, na biyun yana kai mako 12. Waɗannan masu kisa ne, kuma su ne suka mamaye kasuwa, lufenuron ya ja baya. Haka ne, kuma ba wanda zai raina wannan aiki. Amma a duba abin da ake auna su da shi. Tambayar da ake yi wa sabon magani ita ce: zai kashe ƙuma kafin ta yi ƙwai? Zai ci gaba da yin haka har sai waɗanda ke kwance cikin siliki sun gama fitowa? Zai kashe kaska kafin ta zuba cuta? Duk ma'aunan nan daga sanin rayuwar ƙwaro suka fito. DDT ma yana da kisa da daɗewa, amma an watsa shi ko'ina ba tare da sanin inda ya kamata ya tsaya ba. Su ma sabbin ba su fi ƙarfin dokar da ta kayar da shi ba, tunda an riga an samu kaskar kare a Florida da sinadarin fametirin ba ya yi mata komai. Ƙwayoyin taunawa kuma, da yake jini suke shiga, sai kaska ta ciji kare kafin su taɓa ta. Cutar nan mai fasa jini takan buƙaci kwana ɗaya ko biyu kafin ta wuce, don haka suna riga ta, amma irin wadda ta kashe karnukan Biyetnam na iya wucewa cikin sa'o'i. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kuma yi gargaɗi cewa wannan rukuni na ƙwayoyi ya jawo wa wasu karnuka karkarwa da farfaɗiya.

Sai batun lokaci. Columella da ya ce da zafi, gaskiya ya faɗa game da Italiya. A Turai da arewacin Amurka sanyi na tsayar da hayayyafar ƙuma a waje, ɗumi da laima su farfaɗo da ita, har zagayen rayuwarta ya taƙaita zuwa mako biyu ko uku. Amma zafin da ake nufi mai laima ne. Tsutsar ƙuma ba ta rayuwa idan laimar iska ta yi ƙasa da kashi 50 cikin 100, ko zafi ya zarce digiri 35 ya daɗe. Wanda ya karanta watannin zafi a kwali ya fassara su da Maris da Afrilun Sakkwato ko Damagaram ya ɓata lissafi. Busasshen iskan hunturu da ƙunar bazara abokan gabar tsutsar ƙuma ne a fili, sai dai ta fake a inuwa mai danshi, gindin randa, bayan ɗaki, ko turken awaki. Damina ce ta fi kama da lokacin da Bature ke nufi, kuma makiyayi ya riga ya san farkon ruwa ne babbar kaskar shanu mai zane ke fitowa. Kaskar kare kuwa ta fi su jure fari, a ƙasa mai ɗumi ba ta da hutu, kuma gwajin da aka yi a jami'ar California da ke Davis ya nuna cewa idan zafi ya kai digiri 38 takan ƙara karkata ga cizon mutum. A Turai ma kalandar ta rushe, ba don sama ta sauya kaɗai ba. Bayan yaƙin duniya na biyu gidaje suka samu na'urar ɗumama ɗaki da kafet bango zuwa bango, kare ya tashi daga tsakar gida ya koma kan kujera, ƙuma ta samu bazara ta dindindin a falo.

Wannan ne ya haifi shawarar da ta zama ruwan dare a ƙasashe masu arziki: a ba kowane kare magani kowane wata, duk shekara, ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba. Masu goyon bayanta suna da hujja mai nauyi. Mutum mai mantuwa ne, doka ɗaya ta fi sauƙin bi, kuma kafin a ga ƙuma ɗaya ƙwai ɗari sun zuba. Inda kaska ke ɗauke da cuta mai kisa, ni ma ina tare da su. Amma a mai da ita doka ga kowane kare a ko'ina komawa ce ga tunanin zamanin DDT, wato a zuba ko'ina a huta da tunani, kuma an fara ganin kuɗin da ake biya. Masana a jami'ar Sussex sun duba ruwan koguna 20 na Ingila, suka buga a 2020 cewa akwai fifronil a kusan kashi 99 cikin 100 na samfuran, imidakulofirid a kashi 66, kuma sun fi yawa a ƙasa da wuraren tace ruwan ƙazantar gari, abin da ke nuni ga wankan kare da wankin shimfiɗarsa da hannun mai shi. Tarayyar Turai ta hana zuba imidakulofirid a gonakin fili tun 2018 saboda ƙudan zuma, amma ana ɗiga shi a ƙeyar miliyoyin dabbobi. A 2025 wani binciken daga jami'ar ya duba sheƙa 103 ta wasu ƙananan tsuntsaye da ke shimfiɗa da gashin dabba, ya tarar da fifronil a dukkansu, kuma inda sinadarai suka fi yawa an fi samun ƙwan da bai fashe ba da matattun 'yan tsaki. Tun 2021 ƙungiyoyin likitocin dabbobi na Birtaniya suka nemi a daina ba da magani a dunƙule, a riƙa auna haɗarin kowace dabba da inda take zama da lokacin shekara.

Akwai kuma wanda zai ce duk wannan tarihin masu hali ne. Mafaraucin da ke fita daji da rani da karnuka shida, ko manomin da karensa ke gadin rumbu, ina ya ga kuɗin ƙwaya mai tsada irin wannan? Wannan ƙorafi ya fi sauran taɓa ni, kuma amsarsa tana cikin abin da na kafa tun farko. Da ƙarfin guba ne sirrin, da talaka ba shi da rabo sai abin da ya samu a kasuwa, kuma abin da ake samu a kasuwa shi ne ke kashe karnuka. Fiya-fiya da ake shafa wa kare galibi daikulobos ne, sinadarin nan na abin wuyan 1964, amma a can an ɗaure shi cikin roba yana fita kaɗan-kaɗan, a nan kuwa tsurarsa ake zubawa a fata. Kare ya lasa ya shiga dalalar da miyau yana karkarwa, yaron da ya rungume shi ma bai tsira ba. Baƙin mai da kalanzir na ƙona fata su shiga jiki. Maganin kare mai fametirin kuma yana kashe mage. Rabon da talaka ke da shi shi ne sanin, kuma shi ba a sayar da shi. A share makwancin kare a ƙona sharar, a shanya buhun da yake kwanciya a rana mai ƙuna, a yaɓe tsagar bango, a duba kunne da tsakanin yatsu ranar da aka dawo daga daji. A nan ilmin yau ya saɓa wa Columella: ba a jiran kaska ta faɗi, ba a shafa mata mai, kama ta ake yi dab da fata a ja a miƙe a hankali, domin kowace sa'a da ta ƙara tana ƙara haɗari. Tsintsiya kaɗai ba za ta kori kaskar da ta riga ta cika gida ba, dole a nemi maganin da aka yi don kare daga hannun likitan dabbobi, a auna da nauyinsa. Amma wanda ya san inda ƙwaron yake zai sayi kaɗan ya ci moriya mai yawa. Shari'a da ta halatta riƙe karen farauta da na kiwo da na gona ba ta sauke wa mai shi haƙƙin dabbar da ke yi masa wahala ba.

Sabon babin da aka buɗe a wannan ƙarni ya ƙara faɗaɗa filin. Tun daga 2003 wani zazzaɓi mai kisa da kaska ke kawowa ya ɓulla a garuruwan 'yan asalin Amurka da ke gabashin Arizona, yawancin waɗanda ya kama yara ne. Masana suka yi mamaki, domin kaskokin da aka sani da cutar ba sa zama a wannan busasshen yanki. Sai aka gano kaskar kare ce, ta cika bangaye da ƙarƙashin gidaje da tsofaffin katifun da aka yasar a waje, tana yawo a jikin karnukan da ke zaga gari ba ɗauri. Mai gida ɗaya ya yi wa karensa magani bai tsinana komai ba, tunda karen maƙwabci zai kwana a inuwarsa ya zubar da sabbi. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da shugabannin al'ummar suka ɗauki unguwa mai gidaje kusan 600 a matsayin majinyaci guda. Aka sa wa kowane kare abin wuya mai daɗewa, aka riƙa feshe kewayen gidaje wata-wata a lokacin da kaska ke ganiyarta, aka yi wa karnuka fiɗiya kyauta don rage yawansu. Bayan wata biyar, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na karnukan unguwar ne ake ganin kaska a jikinsu, alhali a unguwannin da ba a yi aikin ba kashi 64 ne. A shekara ta biyu aka bar feshin gama-gari aka riƙe abin wuya, adadin bai kai kashi 3 ba. Ma'aikatan sun bi gida-gida, suna tambayar wane kare na wane ne, suna ɗaura wa kowanne abin wuyansa.